Ɗan Dakon Ƙwallo

Takardar ta kwana huɗu a kan firiji ban sa mata hannu ba. Makarantar ɗana ce ta aiko da ita, tana neman izinina ya shiga ƙungiyar ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ba tamaular da muka taso muna bugawa da ƙafa ba. Shekararsa 14, a nan unguwar Bronx ta New York aka haife shi. Kocinsu ya ce gurbin da ya dace da shi shi ne na ranin-bak.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare mutum 11 ne. Kwatabak shi ne madugu, shi ke jefa ƙwallo. Ranin-bak kuwa yana tsaye a bayansa, a danƙa masa ƙwallon a ciki, ya sunkuyar da kai ya kutsa tsakanin ƙattin da wasunsu sun haura kilo 130. Kusan duk ɗaukar da zai yi da kayarwa take ƙarewa, wani lokaci sau 20 a wasa ɗaya. Ni ɗan dako nake ce masa, kuma ba raini ba ne. Sana'ata ce. Shekara 16 ke nan ina sauke kaya daga manyan motoci a wani sito, bayana ya san lissafinsu.

Saquon Barkley ne ya jawo mana wannan. Tun da New York Giants suka ɗauke shi a 2018 hotonsa ke manne a ɗakin yaron, da shi ma muka koyi wasan tare. A 2023 Giants suka ba kwatabak ɗinsu Daniel Jones kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 160. Barkley kuwa suka riƙe shi da wata ƙa'ida da ke ba ƙungiya damar tsare ɗan wasa shekara ɗaya a farashin da aka yanka wa gurbinsa. A shekarar farashin ranin-bak dala miliyan 10 ne da ɗoriya, na kwatabak ya haura miliyan 32.

Za ka ce miliyan 10 ba abin kuka ba ne. Ni ma haka na ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hujjar, domin na taɓa jin irinta a wurin aiki. Gasar NFL tana ƙayyade iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, don haka dalar da ka ba wannan ka hana wancan. Masu lissafi suka duba suka ce ɗan dako ba ya wuyar samu. Isiah Pacheco shi ne na 251 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2022, amma a kakarsa ta farko ya ci Super Bowl da Kansas City Chiefs. Suka kuma nuna Todd Gurley, wanda Los Angeles Rams suka zuba wa kuɗi a 2018, gwiwa ta ci amanarsa, suka sallame shi a 2020. Wasansa na ƙarshe yana da shekara 26 ya buga shi.

Ga inda abin yake da ciwo. Sabon ɗan wasa yana shiga ne da kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden farashi. Kwatabak yana ƙara gogewa da shekaru, lokacin cinikinsa na zuwa yana kan ganiyarsa. Ranin-bak kuwa waɗannan shekarun na arha su ne mafi kyawunsa. Ranar da ya isa ya yi ciniki, sai a duba gwiwarsa a ce ta ci duka. Dukan da ya sha don ƙungiyar shi ne hujjar rage masa farashi.

A Maris 2024 Barkley ya koma Philadelphia Eagles, abokan gabar Giants. Yaron ya cire hoton, bayan mako guda ya mayar. A kakar Barkley ya ruga yadi 2,005, ya zama mutum na tara a tarihin gasar da ya kai 2,000. Eagles suka ci Super Bowl ranar 9 ga Fabrairu 2025, suka doke Chiefs 40 da 22. Giants kuwa wasa 3 suka ci cikin 17, sun ma sallami Jones tun kafin kakar ta ƙare.

"Ka gani ko, Baba?" in ji ɗana. "Ashe yana da daraja."

Na gani, amma na ga wani abu kuma. A Philadelphia ƙatti biyar na gabansa suna cikin mafi ƙarfi a gasar, su ke buɗe masa ƙofa. A wasan ƙarshen ma yadi 57 kacal ya samu, domin Chiefs sun tattara ƙarfinsu a kansa, Eagles suka bi ta wata hanyar. Masu lissafi ba su yi ƙarya ba, shi kaɗai ba ya ɗaga ƙungiya. Abin da suka kasa sa wa farashi shi ne tsoron da yake jefa wa abokan hamayya ko da ƙwallon ba ta hannunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma cire hannun ka gani.

A dare na biyar na kira shi falo. Na ɗage rigata na nuna masa ɗamarar da nake ɗaure baya da ita, wadda bai san da ita ba. Ya yi shiru.

Na ce, "Zan sa hannu, amma da sharaɗi biyu. Ranar da kanka ya bugu, ni za ka fara gaya wa, ko da koci zai ajiye ka a benci. Na biyu, ranar da makinka ya faɗi, takalman sun koma kwali. Jiki aro ne, masu saye kuma sun fi ka sanin ranar da zai ƙare."

Ya ce, "Na yarda, Baba."

Na sa hannu. Da safe na tarar ya ɗauko jakar aikina ya kai mini har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.