Kore a Allo, Shiru a Waya

Ruwa ake tafkawa a Katsina ranar da umarnin ya iso, cikin makon ƙarshe na Agustan 2021. A lokacin ina aiki da wata ƙungiyar agaji mai tallafa wa mutanen da ɓarayin daji suka raba da gidajensu a Batsari da Safana, kuma takardu da kwamfuta duk a hannuna suke. Babban ofishinmu ya sayo manhajar bin diddigin ƙa'idojin tsaro, aka ce kowane reshe ya kwashe nasa daga jadawalin Excel ya loda a cikinta kafin mako ya fita.

Irin wannan manhaja don bankuna da manyan kamfanoni aka fi ƙera ta, masu bin ma'auni irin su ISO 27001, wanda a wancan lokacin yake da matakan kariya 114. Tsarinta ba wuya. Kowace ƙa'ida layi ɗaya ce mai gida biyar: lamba, bayani, mai alhakinta, lokacin dubawa, sai shaidar cewa an bi ta. Idan shaida ta shiga, layin ya yi kore. Idan lokaci ya wuce babu, ya yi ja.

Namu jadawalin kashi biyu ne. Na farko na tsare bayanai ne: kowace waya da lambar sirri, kada a tura sunayen masu karɓar tallafi ta WhatsApp. A lokacin akwai dokar kare bayanai da hukumar NITDA ta fitar a 2019, amma tsoronmu ya fi gaban doka. A ƙasar da ake fama da infoma, takarda mai suna da ƙauye da kuɗin da aka ba mutum, idan ta faɗa mugun hannu, ta nuna ƙofar da za a buga da dare. Kashi na biyu na tsare rai ne: ba a kama hanya da sassafe, ba a kai la'asar a ƙauye, kuma duk motar da ta fita sai ta kira ofis kowace awa.

Lodin farko bai shiga ba. Na juya fayil ɗin zuwa CSV kamar yadda aka ce, sai na tarar duk inda akwai ƙ da ɗ da ɓ ya koma alamar tambaya. Sai da na sake adana shi da tsarin UTF-8 sannan haruffanmu masu lanƙwasa suka dawo. Lambobin wayar ma'aikata kuwa Excel ya ɗauke su lissafi ne, ya cinye sifirin farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara. A karo na uku manhajar ta karɓi wasu layuka, ta tofar da wasu, domin gidan mai alhaki babu kowa a ciki. Wannan ƙin karɓar ya yi mana rana. Mun daɗe da ƙa'idoji marayu, kowa ya san da su, kowa yana zaton wani ne ke kula da su. A yammacin nan muka zauna, kowace ƙa'ida muka ɗaura ta a wuyan mutum guda.

Ana cikin haka Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro. Aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Batsari da Safana, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita shi ga gidajen mai biyu a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, kuma kada ya wuce na naira 5,000. Na ƙara waɗannan a jadawali, na sake lodawa. Da allon ya cika da kore tun daga sama har ƙasa, raina ya yi fari.

Direbanmu dattijo ne mutumin Ruma, Baba muke ce masa. Ya leƙo ta bayana, na karanta masa layin kira kowace awa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka ji an rufe waya a Zamfara? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe." Na ce, "Baba, in sha Allahu ba za a kai ga haka ba." Na rufe kwamfuta na tafi gida.

A mako na biyu na Satumba aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Batsari da Safana da Dutsin-Ma na ciki. Motarmu tana hanyar Safana da ma'aikata uku. Kira biyu suka yi, daga nan ɗif. Na kira Baba, na kira kowa a motar, babu wadda ta shiga. Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Ina zaune gaban kwamfuta hannuna na rawa, layin nan na kira kowace awa yana nan kore shar, tunda sau ɗaya a wata aka ce a duba shi. Ban taɓa jin nauyin amanar mutane kamar na wannan yinin ba.

Dab da magariba muka ji ƙarar motar a bakin ƙofa. Da Baba ya yi salla ya sha ruwa, ya ba mu labari. Da ya ga waya ta mutu, sai ya tsaya a tashar Safana ya tambayi masu ɗaukar fasinja. Suka ce tun hantsi ba wanda ya fito daga wajen Runka, can gefen Dajin Rugu. Ya kashe mota ya jira. Da lokaci ya ja babu ko babur ɗaya daga can, ya juyo da mutanensa. Ya ce, "Malam, hanyar da ba mai fitowa daga cikinta, ba a shigarta. Tun ina yaron mota na san wannan."

Na duba jadawalina kaf, babu wannan ƙa'idar a ciki.

Washegari na ƙara gida na shida, na sa masa suna "Idan babu waya". Na zaunar da Baba da matan da ke mana aikin sa kai, na riƙa karanta layi ɗaya ɗaya suna faɗin yadda zai yiwu a ƙasa. Kira kowace awa ya koma alƙawarin lokaci: a faɗi hanya da sa'ar dawowa kafin a tashi, a kuma san wanda zai bi sawu idan an makara. Da aka hana sana'ar cajin waya a yankin muka koma takarda, sai matan suka ce kada suna ya hau mota. Muka ba kowane gida lamba, littafin da ke fassara lambobin ya zauna a kulle a Katsina. Haka muka yi aiki har lokacin da sabis ya dawo.

Har yau ina loda irin waɗannan fayiloli, kuma ina ganin amfaninsu. Sai dai ba na danna maɓallin lodi sai na karanta kowane layi a kunnen wanda zai bi shi da ƙafarsa. Ƙa'idar Baba ita na sa a layin farko. A gidan mai alhaki na rubuta direba, a gidan lokacin dubawa na rubuta kowace fita, a gidan shaida kuwa sa hannunsa bayan ya dawo da kowa lafiya.