Asibitin Sarewa da Ƙarar Ruwa a Edirne

'Yan kasuwarmu masu zuwa Istanbul saro kaya sun san unguwar Laleli kamar yunwar cikinsu, amma da wuya ka ji wanda ya ƙarasa Edirne. Tafiyar kusan awa uku ce a mota, yamma da Istanbul, dab da iyakar Girka da Bulgeriya. Nan ne sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka zauna kafin su ci Istanbul da yaƙi a 1453. Baƙo idan ya sauka, masallacin Selimiye ake fara kai shi, wanda gwanin magina Sinan ya kammala a 1575, daga nan a zaunar da shi gaban farantin soyayyar hanta da garin ya shahara da ita. Duk na yi, kuma sun cancanci yabo. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai yana can gefen gari, a bakin kogin Tunja.

Sarki Bayazidu na Biyu, ɗan Muhammadu Alfatih, shi ya aza harsashin wurin a 1484, aka gama a 1488. A haraba ɗaya aka haɗa masallaci da makarantar koyon likitanci da gidan ciyar da talakawa da masaukin baƙi da asibiti, duka a kan dukiyar wakafi. Majinyaci ba ya biyan ko sisi. Da farko asibitin na kowace irin cuta ne, har da likitocin ido da masu fiɗa, daga baya ne ya fi karkata ga masu taɓin hankali.

Sai ka ratsa tsakar gida biyu kafin ka isa ainihin ɗakin jinyar. Gini ne mai kusurwa shida, da babbar ƙubba a sama, da kwamin ruwa a tsakiya wanda ruwa ke tsartuwa a cikinsa ba tsayawa. Ɗakunan majinyata sun kewaye kwamin, na sanyi da ƙofa da murhu, na zafi a buɗe suna fuskantar ruwan. A gefe ɗaya an ɗaga wani dandamali, wurin zaman makaɗa. A yau mutum-mutumi ne zaune a kansa riƙe da kayan kiɗa, sautin kuma daga na'ura yake fitowa, amma ginin bai fasa aikinsa ba. Na shiga ɗaki mafi nisa daga dandamalin, na jingina da bangon dutse mai sanyi, sai ga busar ta iso kunnena sarai, ba amsa-kuwwa mai dagula ta, ƙarar ruwan kuma na biye da ita daga ƙasa. Wanda ya tsara wannan gini ya yi tunanin kunnen mutumin da ke kwance ba ya iya tashi. Hasken ma daga tsakiyar ƙubbar yake saukowa, ta nan kuma gurɓatacciyar iska ke fita.

Shahararren matafiyin nan Evliya Celebi ya zo nan a 1652, kuma a littafin tafiye-tafiyensa ya ba da labarin abin da ya gani. Makaɗa da mawaƙa goma ne wakafin ke biya, suna zuwa sau uku a mako su yi wa marasa lafiya wasa. Ya ambaci furanni da ake kawowa domin ƙamshi, da naman tsuntsaye da ake dafawa bisa umarnin likita, da kwana biyu a mako da ake buɗe ɗakin magani a raba wa talakawan gari kyauta. Bai ɓoye ba cewa akwai waɗanda ciwonsu ya tsananta har aka ɗaure su da sarƙa. Wannan ma gaskiyar wurin ce. Amma ko wanda ke cikin sarƙar ba a fid da shi daga sahun mutanen da suka cancanci jin abu mai daɗi ba, kuma wannan ne ya fi taɓa ni.

Cikin kayan kiɗan, wanda ya fi shiga jikina shi ne ney, sarewar Turkawa wadda darwishan ɗariƙar Maulawiyya suka riƙa. A wani ɗan shago cikin gari na zauna kusa da wani dattijo mai busa ta, na ƙare mata kallo. Kara ne kawai mai gaɓa tara, da huda shida a gaba da ɗaya a baya, sai wani baki da aka sassaƙa da ƙahon bauna. Ba ta da harshe a ciki da zai taimaki mai busa, dole ya karkata ta a gefen leɓe ya nemo inda iska za ta tsage a bakin karan. Ya ce mini sabon ɗalibi yakan yi makonni yana hurawa, ba abin da ke fita sai iska. Da ya fara busa, na lura kafaɗunsa ba sa motsi, cikinsa ne ke cika yana sacewa a hankali. Cikin sautin kana jin hucin numfashin kansa. Kowace gaɓar waƙa tsawon numfashi ɗaya ce, idan ta ƙare sai a yi ɗan shiru ya shaƙi wata iskar. Ba a jima ba na tarar ina shaƙa lokacin da yake shaƙa, ina saki tare da shi, ba wanda ya ce in yi.

Likitocin zamani sun auna wannan. Idan mutum ya tsawaita fitar da numfashi, bugun zuciyarsa yakan ragu. A 2006 Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia a Italiya da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Heart, inda suka nuna kiɗa mai sauri na ƙara saurin numfashi da bugun zuciya da hawan jini, shirun minti biyu da suka saka a tsakanin waƙoƙi kuwa ya sauko da su ƙasa da yadda suke tun kafin a fara. Likitocin Edirne na wancan zamani ba su da na'urorin auna wannan. Abin da suka gada shi ne rubuce-rubucen Alfarabi da Ibn Sina, da jadawalin da ke haɗa kowane salon kiɗa, wato makam, irin su Rast da Neva da Buselik, da wata cuta ko wani lokaci na yini. Ban ɗauki jadawalin a matsayin tabbataccen ilimi ba, kuma busa ba ta maye gurbin magani, su ma ba su ce ta maye ba, domin suna ba da magani da abinci, suna sa masu samun sauƙi saƙa da sauran aikin hannu. Abin da suka gane daidai shi ne mutumin da tsoro ya cika ƙirjinsa sai numfashinsa ya lafa kafin ya saurari kowa.

Ina tsaye a asibitin na tuna samarinmu masu taɓin hankali da ake kai wa gidajen mari, da waɗanda yara ke bi da jifa a kasuwa, raina ya ɓaci ƙwarai. Na san malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba ni da hurumin yanke hukunci. Amma ruwa mai gudana da ɗaki mai iska da murya mai taushi ba su cikin abin da aka yi saɓani a kai.

Asibitin na Edirne bai dawwama a haka ba. Yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878 ya tarwatsa aikinsa, daga baya ya koma inda ake killace masu taɓin hankali kawai, sannan aka yi watsi da shi. Jami'ar Tirakiya da ke Edirne ce ta karɓe shi ta gyara, ta buɗe shi a matsayin gidan tarihin lafiya a 1997, a 2004 kuma ya ci kyautar gidan tarihi ta Majalisar Turai. Makarantar likitancin da ke manne da shi ita ma an buɗe ta ga masu ziyara a 2008. A ɗakunanta an baje hotunan fiɗa daga littafin da likita Sharafuddin Sabunjuoglu ya rubuta a garin Amasya a 1465, tare da irin wuƙaƙe da ƙarafan ƙuna da ɗaliban wancan zamani suka koyi aiki da su.