Yaro a Zaure, Babba a Takarda

Ɗan marigayi yayana ya kammala digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yana da shekara 31. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta ba shi takardar yafewa, tunda wanda ya haura 30 lokacin kammalawa ya wuce sahun matasanta. A watan nan kuma muka zauna a zaure a Kurfi kan gonar mahaifinsa. Ya gyara murya zai yi magana, baffanmu ya ce, "Kai yaro, bari manya su gama." Ya yi shiru. Ni ma na yi, kuma shirun nawa ne ya tura ni bin asalin kalmomin.

Infant, wato jariri, daga Latin ta fito, ma'anarta wanda ba ya magana, kuma lauyoyin Ingila sun daɗe suna kiran duk wanda bai kai 21 ba da ita. Adolescent da adult saiwarsu ɗaya: na farko yana cikin girma, na biyu ya gama. Boy kuwa bara take nufi kafin ta koma ƙaramin namiji, kuma da tsohuwar ma'anar muka aro ta, muka ce boyi. Namu yaron ma haka yake. Nawa muka ga yaron mota da furfura?

Teenager ce ta fi ba ni mamaki. A Amurka ta yaɗu cikin shekarun 1940, kuma iyakarta 13 zuwa 19 ba likita ne ya yanka ta ba. Lambobin da ke ƙarewa da teen ne kawai. Mu da ke cewa goma sha ɗaya har goma sha tara, da a kan lissafinmu aka gina ta, da ɗan shekara 11 ya shiga.

Bahaushe bai cika ƙirga shekaru ba. Matashi daga tashi yake, saurayi kuma aure ke mai da shi magidanci, in ya daɗe a ce tuzuru. Aure yana son ɗaki da sana'a. Ɗan yayana ba shi da ko ɗaya, kuma kasonsa na gonar nan yake so ya sayar ya kama shago a Dutsin-Ma. Manya suka yanke a bar gonar sai ya yi iyali.