Hular Ido: Yadda Wani Telan Abala Ya Koyi Aza Madubi a Kan Idonsa

Sabon kaya yakan riga sunansa isowa ƙasar Hausa. Mota da rediyo da salula duk sun zo ne da sunayen aro, kuma ba a taɓa jin wanda ya cutu don an ce mota maimakon a ƙirƙiro wata kalma ba. Amma akwai kayan da kuskuren suna ko na aikatau a kansu ke iya jawo wa mutum hasarar gaɓa. Ɗaya daga cikinsu shi ne ɗan madubin nan mai taushi da ake ɗorawa a kan baƙin ido a madadin tabarau, wanda takardun likitocin Yamai ke kira "lentille de contact". Duk wanda zai koya wa Bahaushe sa shi, sai ya fara warware matsaloli uku na harshe: da wane aikatau zai yi umarni, wane suna zai ba abin, kuma me zai kira ruwan da ake wanke shi da shi. Labarin wani tela a Abala da ƙanwarsa ya nuna yadda kowace daga cikin ukun ke da nauyi.

Abala gari ne a arewacin ƙasar Kurfai, cikin kwarin Dallol Boso, a jihar Tilaberi. Har zuwa 2011 yana ƙarƙashin Filinge, sannan aka ba shi gundumarsa da ta haɗa da Sanam. Mai tasowa daga Yamai sai ya bi ta Baleyara, ya ci kimanin kilomita 180 kafin Filinge, ya wuce Tukunus mai garken shanun Azawak, sannan ya isa. Tun 2012 garin ke karɓar ƴan gudun hijira daga Mali, kuma a watan Maris na 2017 aka sa shi cikin gundumomin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A irin wannan wuri, komawa wurin likitan ido don a maimaita bayani ba tafiyar ganin dama ba ce. Abin da mutum ya ji sau ɗaya, shi zai riƙe watanni.

Telan ya ba shekara talatin baya. Idonsa na dama lafiya lau yake, na hagu kuwa ba ya hangen nesa ko kaɗan. Da aka yi masa tabarau, sai gilashin hagu ya zo da kauri, yana ƙanƙantar da duk abin da ya duba, ƙwaƙwalwa ta kasa haɗa hotunan biyu wuri ɗaya. Kafin azahar kansa na sarawa, ɗinki na karkacewa. Wannan shi ne dalilin da likita a Yamai ya ba shi madubin ɗorawa na ido ɗaya: da yake yana zaune a kan idon kansa, ba ya rage girman hoto kamar yadda tabarau mai kauri ke yi. An nuna masa yadda ake sawa, aka haɗa shi da takardar bayani cikin Faransanci. Shi kuwa karatunsa na allo ne, ajami yake rubutawa. Sai fassara ta faɗa wuyan ƙanwarsa, malamar firamare a garin.

Jimlarta ta farko ita ce, "Yaya, a ido za ka sa shi." Babu kuskuren nahawu a ciki, amma ɗaliban harshe sun san abin da ke faruwa da sunayen gaɓoɓi idan suka koma bayanau na wuri: baki ya zama baka, ido kuwa wasalinsa na ƙarshe ya gajarce, karin sautinsa ya sauya. "A ido", kamar "a baka", ciki yake nufi. Abubuwan da Hausa ta san suna shiga a ido su ne ƙura da hayaƙi da barkono, da hakin nan da aka raina wanda ke tsone ido. Kwana uku telan yana kai yatsa, fatar ido na rufewa kafin ya isa. Wani ɓangare na wannan halitta ce, domin tantanin da ke rufe baƙin ido yana cikin sassan jiki mafi yawan jijiyoyin ji, kuma ƙiftawa kariya ce da ba ta jiran izini. Amma kalmar ta ƙara tsoro a kan tsoro. Mahaifiyarsu ce ta fito da shi fili, da Hausarta ta Kurfayawa: "Ke ɗiyata, wanga abu in ya wuce cikin kai, wa za ya hiddo shi?"

Amsar tambayar Inna tana cikin ƙirar ido. Tantanin da ya lulluɓe farin ido yana naɗowa ya shimfiɗu a cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa, don haka babu ƙofar da wani abu zai bi ya zagaya baya. Iyakar ɓatan madubin shi ne ya maƙale ƙarƙashin fatar sama. Malamar ta ce wa yayanta ya ɗauke shi kamar aljihun da aka ɗinke ƙasansa, nan take ya gane. Daga nan ta koma kan aikatau. Cusa da tura da zura duk suna kai abu ciki. Manna da liƙa suna nuna abin da ba a cirewa. Ɗiga na ruwa ne, shafa na mai. Abin da ya rage shi ne ɗora, wanda mutanen yamma suka fi faɗa da aza, kamar yadda ake aza tukunya a murhu ko gammo a ka. Shi ne kuma ya dace da gaskiyar lamarin, domin madubin yana shawagi ne a kan ɗan siririn hawayen da ke jiƙa ido, hawayen ne ke riƙe shi.

Da aikatau ya sauya, sai umarnin ya jeru. A yanke farce. A wanke hannu da sabulu, a goge da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, abin da tela ya fi kowa sanin bambancinsa. A aza madubin a kan tsokar yatsan manuni, bakinsa na kallon sama. A ɗago ɗaya hannun ta bisa kai, a kama fatar ido ta sama daga gindin gashi a danne ta ga ƙashin gira. Da yatsan tsakiya na hannun da ke ɗauke da madubin a ja fatar ƙasa. Wannan jan bai zame wa telan baƙo ba, don haka hannu ke yi duk ranar Jumma'a idan za a zizara kwalli. A kafa ido ga madubin dubawa, a kawo yatsa sannu har abin ya taɓa, zai bar yatsa da kansa. A saki fatar ƙasa, sannan ta sama, a lumshe, a juya ido, a buɗe. Wajen cirewa kuma a dubi sama, a janyo shi ƙasa zuwa farin ido, a tsinke shi da tsokar babban yatsa da ta manuni, ba da farce ba.

Matsala ta biyu ita ce suna. Harsunan da suka riga Hausa saduwa da madubin ƙara gani sun ɗauko sunansa daga gona. Kalmar Latin "lens" sunan wani ɗan wake ne mai faɗi, Faransanci ya gaje ta a "lentille", Larabci ma ya samo "adasa" daga "adas", wato wannan waken dai. Manomin Kurfai gero da wake ya sani, kwatancen ba zai tsaya masa a rai ba. Ƙwayar ido ta riga ta zama sunan gaɓa, kuma ƙwaya a Hausar yau abin haɗiya ce. Ƙoƙon ido zai bi sahun ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa, a ɗauka ƙashi ake nufi. Gilashin ido kuwa yana kawo tunanin abin da zai fashe ya yanka. Da a 1888 ne, lokacin da Adolf Fick ya gwada nasa a Zurik, da sunan ya dace, don da gilashi aka yi su. Amma irin na yau ya samo asali ne daga aikin Otto Wichterle, wanda a watan Disamba na 1961 a birnin Furag ya sarrafa wata roba mai shan ruwa da na'urar da ya harhaɗa daga kayan wasan yara, kuma kamfanin Bausch & Lomb ya fara sayar da shi a Amurka a 1971. Faɗinsa kimanin milimita 14 ne, taushinsa kamar ɓawon albasar da aka jiƙa.

Sunan ya fito ne daga bakin telan. Malamar tana nuna masa yadda ake gane madubin ya juye: idan daidai yake, a kan yatsa zai tsaya kamar ɗan ƙoƙo, bakinsa a miƙe, idan ya juye, gefensa zai baje kamar faranti, kuma zai yi ta sukar ido. Ya dube shi ya ce, "Baibai ke nan. Ashe hula ta." Mai nazarin karin harshe zai lura da "ta" a gurbin "ce", kamar yadda aka saba a yammacin ƙasar Hausa. Mai nazarin ma'ana kuwa zai ga abin da ya fi haka. Hula a bisa take zama. Tana da fuska da baibai. Ana tuɓe ta kafin barci, kuma wannan doka ce mai ƙarfi a nan, domin tantanin baƙin ido ba shi da jijiyar jini, daga iska yake shaƙar abin da ke raya shi ta hanyar hawaye, barci da madubi kuwa yana rage wannan iskar ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Hula tana da ma'auni, ta wani ba ta zama daidai a kan wani. Tana tsufa a sake ta, kamar yadda nasa madubin ke da wa'adin wata ɗaya. Kalmomi biyu, hular ido, sun ɗauki rabin abin da takardar Faransancin ta yi shafi tana faɗa.

Amma kwatance yana da iyaka, kuma iyakar wannan ita ce mafi haɗari. Hula da ruwa da sabulu ake wanke ta. Takardar ta bambanta "eau" da "solution", Hausa kuwa duk abin da ke kwarara ruwa ne: ruwan sama, ruwan rijiya, ruwan lemo, ruwan magani. Wanda aka ce wa "ka kurkure da ruwan" zai iya miƙa hannu ga buta da zuciya ɗaya. A cikin ruwan rijiya da na famfo da na tafki akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, akantamiba. Shan ta ba ya cutar da mai lafiya, amma idan ta maƙale tsakanin madubi da ido takan ci tantanin, jinyar ta ɗauki watanni, wani lokaci ta bar hakiyar da ke tafiya da gani. Tsabtar ruwa a ido ko a shari'a ba ta kore wannan haɗari. Ruwan da ya halatta a yi alwala da shi bai halatta ya taɓa madubin ba, haka ma miyau.

Dabarar malamar ita ce ta cire kalmar ruwa daga bayanin gaba ɗaya. Abin da ke cikin kwalbar sai ta kira shi magani kawai: a murza hula da magani a tafin hannu, a kurkure da magani, a kwantar da ita cikin magani. Ruwa ya koma sunan abin da aka hana. Wajen alwala a runtse ido sosai, don wanke cikin ido ba ya cikin farillan wanke fuska, kuma a busar da hannu kafin a taɓa hula. Kafin wanka a tuɓe ta. Sai dai ita ma kalmar magani ta zo da nata hali, domin talaka ba ya zubar da magani, tattalinsa yake yi. Dole aka ƙara cewa na jiya ya mutu, a zubar a zuba sabo, a bar mazubin ya bushe, a sake shi duk bayan wata uku. Da yake kwalbar daga Yamai take zuwa, kuma hanya ba kullum take buɗe ba, sai suka tsai da ƙa'ida guda: in magani ya ƙare, hula ta huta, a koma ga tabarau ko da kai zai sara. Haka kuma ranar da hazon hunturu ya turnuƙe. Kwalli ya daina hawa gefen ciki na fatar idon hagu. Idan kuwa ido ya yi ja, ko zafi, ko ƙin haske, ko gani ya koma dishi-dishi, a cire nan take a nemi likita, kada a jira gobe.

Masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, a Yamai ko a Kano, sukan auna sabuwar kalma da ma'aunin ƙira da furuci da daɗin ji. Lamarin Abala yana ƙara wani ma'auni da ya kamata a sa gaba idan kalmar ta shafi lafiya: me hannun mai saurare zai aikata bayan ya ji ta? "A ido" ta sa fata ta rufe, "aza" ta buɗe ta. "Hula" ta koyar da tuɓewa da dare, amma da an bar ta ita kaɗai da ta kai mutum ga buta. Ba lalle ne hular ido ta wuce gidan da aka haife ta ba, ko da yake sunan afolo, wanda aka laƙaba wa jan idon da ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ya game Afirka ta Yamma ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Hausa ta riga ta mallaki yana da hakiya da amosani da dundumi da kwantsa, kowace da abin da take sa mutane su yi ko su bari. Tattara su daga bakin mutanen Kurfai, tare da takwarorinsu na Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci da ake ji a kasuwar Abala, da gwada kowace a gaban marasa lafiya kafin a buga ta a takarda, aiki ne da ke jiran ɗalibin harshe da zai yarda ya zauna kusa da ma'aikacin jinya.