Inda Sharar Mohandessin Ke Zuwa

Idan ana maganar coci da kare muhalli, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wa'azi a kan sauyin yanayi, ko taron dashen itace da ɗaukar hoto. A Masar abin ya sha bamban, kuma mu da muke zaune a Mohandessin muna ganin wani ɓangarensa kullum a bakin ƙofarmu: mutumin da ke hawa bene da asuba da ƙaton buhu a baya yana kwashe shara.

Ana kiransu Zabbalin, wato 'yan shara. Akasarinsu Kiristoci ne Kibɗawa, waɗanda kakanninsu suka taso daga kudancin Masar suna kiwon aladu. Da yawa sun zauna a Imbaba, maƙwabciyarmu, har wajen 1970 da hukuma ta tashe su suka koma gindin dutsen Muƙaɗɗam, a Manshiyat Nasir. Can ake kai shara, maza su sauke, mata da 'yan mata su zauna suna tsincewa da hannu: roba gefe, kwali gefe, gwangwani da tsumma gefe, ragowar abinci kuma a ba aladu. An sha faɗin cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da suka kwasa yana sake amfani, abin da biranen Turai da yawa ba su kai ba.

Na je unguwar sau biyu. Warin yana da ƙarfi, ba sai na ɓoye ba. Amma idan ka haura sama sai ka iske cocin Sam'an Majemi, wanda aka sassaƙa a cikin dutse, yana ɗaukar dubban mutane. Fada Sam'an, wanda ya rasu a 2023, shi ya fara aikin tun shekarun 1970, lokacin mutanen na kwana a rumfunan kwano, ba su yarda su gina komai ba don tsoron a sake korarsu. Da coci ya tsaya, sai suka fara sa bulo. A ganina nan ne gudummawar cocin ta fi girma. Wanda yake jiran kora gobe ba zai sayi injin niƙa roba ba. Wata sista daga Turai, Emmanuelle, ita ma ta zauna cikinsu tun 1971, ta buɗe makarantu da ɗakunan shan magani. A 1984 aka kafa wata ƙungiyar kare muhalli a unguwar, inda mata ke saƙa darduma da ƙyallayen da masaƙu suka zubar, suna kuma sarrafa tsohuwar takarda.

An gwada yi ba da su ba. A 2003 gwamnati ta ba kamfanonin Italiya da Sifen kwangilar shara, suka ajiye manyan mazubai a titi, mutanen da suka saba a zo har ƙofa suka ƙi sauka. A 2009 kuma, saboda fargabar murar aladu, aka yanka aladu wajen 300,000, alhali ba a samu cutar a ƙasar ba tukuna. Ba da jimawa ba ruɓaɓɓen abinci ya cika titunan Alƙahira. Ni Musulmi ne, ba ruwana da alade, amma lissafin a fili yake: abincin da ya ruɓe a juji yana fitar da iskar methane, wadda ke cikin masu ɗumama duniya.

Da aka yi taron sauyin yanayi na COP27 a Sharm el-Sheikh a Nuwamban 2022, na riƙa tuna 'yan jari-bola na Kano, da yadda muke kiransu ɓarayi da zarar an rasa murfin kwata, alhali su ne ke rage mana robar da ke toshe magudanan ruwa duk damina. Ban san masallaci ko coci a unguwarmu da ya taɓa kiransu ya tambaye su abin da suke buƙata ba.

A gidan da muke haya mu huɗu, yanzu leda biyu muke ajiyewa, ɗaya ta abinci, ɗaya ta busassun kaya. Fasasshen kwalba da reza muna naɗe su a kwali mu rubuta a kai da Larabci, saboda hannun wata yarinya ne zai shiga ledar nan kafin azahar.