Tuƙi, Kora, Ko Zuga?

Mu da muke zaune a Ƙofar Kaura cikin birnin Katsina ba mu rabuwa da ƙarar mota tun daga asuba har dare, gama ta nan ne hanyar Kano ta fita, tafiyar wajen kilomita 170. Tun da aka buɗe gadar ƙasa a shekarar 2023, motoci suna bi ta bisa, suna bi ta ƙasa. Saboda haka ba wanda bai san direba ba a unguwarmu. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan ce, "Direba, a tsaya nan," ba ta kuwa san Turanci take yi ba.

Kalmar ta fito ne daga "drive" ta Turawan Ingila, ita ce kuwa take ba 'ya'yanmu wuya sa'ad da suke shirin jarrabawar WAEC. Akwai wani sashe cikin takardar Turanci inda akan ba yaro kalma, a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Yaro ya haddace cewa "drive" tuƙi ne, sai ya tarar da ita cikin zancen da babu mota ko ɗaya, ya rasa ta inda zai kama. Mu iyaye ma da aka kawo wa tambayar a tsakar gida, sai da muka zauna muka yi tunani.

Asalin kalmar ba ta da wata dangantaka da mota. Turawan dā sun yi amfani da ita wajen kora shanu da tumaki, watau mutum ya tsaya a baya ya sa dabba ta tafi. Da aka ɗaura wa dawakai keke, sai mai kora dawakin ya zama direba. Da mota ta zo ta gaji sunan, ko da yake ba doki a gabanta. Sa'an nan suka ɗauki kalmar suka shigar da ita cikin ƙirjin mutum, suka ce wane yana da "drive", wato yana da abin da yake tura shi daga ciki. Haka ma "motivate", wadda malamai suke yawan faɗi yanzu, tushenta ɗaya da mota: dukansu daga kalmar Latin ne mai ma'anar motsawa.

To, abin da Bature ya tara cikin tukunya ɗaya, Bahaushe ya rarraba shi cikin ƙorai da yawa. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, ko na Turanci da Hausa wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, zai ga ba kalma guda da za ta ɗauki dukan kayan. A ganinmu Hausa ta fi gaskiya a nan, domin kowace kalma tana tona asirin mai yin aikin.

Mu fara da tuƙi. Tun kafin mota ta shigo ƙasar Hausa mata suna tuƙa tuwo da muciya, masunta kuma suna tuƙa jirgi a kan ruwa. Ku lura fa, mai tuƙa tuwo ba ta barin gindin murhu. Hannunta yana kan muciya, idonta yana cikin tukunya, in ta ga zai yi gudaji ta ƙara ƙarfi, in ya yi tauri ta yayyafa ruwa. Mai tuƙa jirgi shi ma yana cikin jirgin. In ya kife, tare za su sha ruwa. Ashe waɗanda suka fara kiran aikin direba tuƙi sun iya zaɓe. Direban da ya ɗebi fasinja daga nan zuwa Kano yana cikin motar tare da su, ramin da ya jijjiga su shi ma ya jijjiga shi.

Kora dabam ce. Makiyayi yana kora shanu, yana baya da sanda, shanu suna gaba ba su san inda za a kai su ba. Kalmar nan kuwa ita ce dai muke faɗi sa'ad da aka kori ma'aikaci daga aiki, ko aka kori kare daga kicin. Har muna da kora da hali, inda ba a ce wa baƙo ya tafi ba, amma fuskar maigida ta gaya masa. Tura tana kusa da ita. Dukanmu mun taɓa tura motar da batirinta ya mutu, mun kuma san in ta tashi ba mai turawar take jira ba. Amma ana tura mutum har ya rasa wurin ja da baya, shi ya sa ake cewa tura ta kai bango.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce zuga. Maƙeri yana zuga wuta da zugazugi, iska kawai yake ba ta, ba ya ƙara mata ko gawayi ɗaya, amma sai ta ci ƙarfe ya yi ja. Haka maroƙi yake zuga mai kuɗi har ya zube abin da ya kamata ya kai cefane. Mun sha gani a kan titin nan namu ran ɗaurin aure: samari a kan babura, abokai a bakin hanya suna tafi suna ihu, yaro ya saki hannu, ya ɗaga ƙafar gaba. In ya faɗi, masu tafin ba su ne za su kwana a asibiti ba. Ƙanwar zuga ita ce ingiza, kakanninmu kuwa sun gama magana a kanta da suka ce ingiza mai kantu ruwa. Kantun gishiri ne a kansa, ka ce masa ya shiga, ruwan ba zurfi. Kai ka tsaya a gaci da busasshiyar riga, shi ya fito hannu wofi.

Amma kada mu yi wa zuga rashin adalci. Ƙofar nan tamu sunan Kaura take ɗauke da shi, Kaura kuwa shi ne babban sarkin yaƙin Katsina a zamanin dā. Mayaƙa ba su fita sai da makaɗa da masu kirari, aikinsu ke nan su zuga maza har tsoro ya fita daga zuciyarsu. Daga wajen mahaya dawakin nan ne muka sami ƙaimi, ƙarfen da mahayi yake ɗaurawa a dunduniya ya taɓa cikin doki, doki ya zabura. Yau ba mai doki a gidanmu, amma kullum muna cewa a ƙara ƙaimi, muna cewa malam ya zaburar da ɗalibai. Bature ma yana da ita, "spur", ƙaimin doki ne a wurinsa, ya kuma mai da ita ga mutum kamar yadda muka yi. Mahayin kirki taɓawa ɗaya yake yi. Wanda ya riƙa sukar doki har jini ya fito, ko dokin ya kā da shi, ko kuwa ya saba da zafin ya daina ji.

Abin da ya sa muka tsawaita zancen nan, ya ku iyaye, shi ne dukanmu muna so 'ya'yanmu su ci gaba, kuma in aka tambaye mu sai mu ce ƙarfafa su muke yi. Amma a gidaje da yawa abin da ake yi kora ce. Uba ya dawo da dare, ya karɓi takardar sakamako, ya ga ta goma sha biyu, bai tambayi wane darasi ne ya gagara ba, sai ya ce, "Dubi ɗan wane, shi kai biyu gare shi?" Yaron zai yi karatu, lalle, kamar yadda saniya take tafiya muddin sanda tana bayanta. Ran da ya tafi makarantar kwana ko jami'a, inda ba sanda, sai ya tsaya cik. A wani gidan kuma zuga ce: uwa tana gaya wa 'yarta kullum ita ce ta fi kowa, likita za ta zama, ba ta taɓa zama ta duba littafinta ba. Iska ake ba wutar, ba a sa mata itace. Wasu kuma sukan ingiza yaro cikin sana'a ko karatun da su ne suke marmarinsa, in kantun ya narke su ce yaron ba shi da rabo.

Mun san wani kafinta a bayan layinmu, bai yi boko mai zurfi ba, ba ya iya karanta Turancin da ɗansa yake karantawa. Amma kowane dare yakan sa yaron ya zauna kusa da shi ya fassara masa abin da aka koya musu da Hausa, shi kuwa yana tambaya kamar ɗalibi. In yaron ya kasa bayyanawa, sai su biyu su gane wurin da gudajin yake, gobe ya koma wurin malam da tambaya. Wannan shi muke kira tuƙi.

Saura ma'ana ta ƙarshe, wadda take cikin ƙirji. Hausa tana da himma, da ƙwazo, da kuzari, da naci, har da zuciya, kamar yadda akan ce yaron nan yana da zuciya, ba ya yarda a bar shi baya. Ba ɗaya daga cikinsu da wani zai iya yi maka. Ana kora ka, ana zuga ka, amma ba a himma ka. Saboda haka in yaro ya tarar da "drive" cikin jarrabawa, ya duba ko akwai wanda ake yi wa aikin. In akwai mota, tuƙi ne. In akwai shanu ko ɓarawo, kora ce. In an ce yunwa ko bashi ne ya sa mutum ya yi abu, tilastawa ce. In kuwa an ce mutum yana da ita, ba a ambaci kowa a bayansa ba, to, ya nemi amsar da ta fi kusa da himma.