Abin da Alhaji Aminu Ɗantata ya bar mana

Mu da muke sakandare yanzu, da tsufansa muka san Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata. An haife shi a Kano a 1931, ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yunin 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina.

Mukan ji labarin dukiyarsa da ƙasashen da ya zaga, mu ce mu ma haka muke so. Sai dai yana sa'anmu, ɗan shekara 17, ya fara aikin sayen amfanin gona a kamfanin mahaifinsa.

Da ya rasu, alherinsa mutane suka fi tunawa: cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da naira biliyan 1.5 da ya bai wa mutanen Maiduguri bayan ambaliyar 2024.

Mu ba mu da biliyan, amma a ajinmu akwai mai zuwa ba biro, ba kuɗin tara. Wanda ya kasa raba naira ɗari yau, ko ya yi arziki hannunsa ba zai buɗe ba. Allah Ya jiƙan Alhaji.